Mastar da na shiga bayan furoje ya rufe

Ni ɗiyar magatakarda ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ƙarar da ƙarfinsa a biro yana buga wa gwamnati takardu, a garin da kowa ya san ba biro ke kawo arziki ba. Maraɗi gari ne na fatauci. Yaran da muka tashi tare, iyayensu na safarar kaya tsakanin nan da Katsina da Kano, wasu har Kwatano, kuma abin da Baba ke ɗauka a ƙarshen wata wani alhajin kan same shi kafin azahar. Duk da haka idan ya fito da safe da ƴar jakarsa, gaisuwar girma ake yi masa, don duk mai neman takarda a unguwarmu ƙofarmu yake fara sallama.

Ina firamare aka karya darajar sefa, a Janairun 1994. Kaya suka yi tsada, albashi kuma ya shiga makara wata da watanni. Inna ce ta riƙe gidan da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ni nake kai wa masu saye kafin in wuce lakwal. Da haka na girma ina ganin darajar aikin gwamnati, ina kuma tsoronsa.

Na ci BAC, jarrabawar gama sakandare, a 2004, shekarar da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a faɗin ƙasa. Na tafi Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni, na karanta shari'a. Da na gama sai aka tura ni bautar ƙasa a ma'aikatar magajin garin wani kwamin na karkara, wato ƙaramar hukuma, a jaharmu. Ɗaki biyu ne da rumfa, babu lantarki. Aikina cika rajistar haihuwa. Mata kaɗan ne ke zuwa a kan lokaci, sai yaro ya kai ajin jarrabawa a tuna ba shi da takarda, sannan a shiga neman alƙali. Ban fahimci komai game da yadda wurin ke tafiya ba a lokacin. Ina ganin magajin gari yana shiga yana fita, kansaloli su taru su watse, mai karɓar kuɗi ya zo a babur ya koma, ni dai ina kan rajistata ina ƙirga ranar da zan koma gida.

Tun yunwar 2005 ƙungiyoyin agaji suka cika jahar Maraɗi, musamman masu kula da tamowa, daga baya na ruwa da na mata suka biyo. Wata daga cikinsu ta ɗauke ni. Albashin ya fi na duk abokan karatuna da suka shiga koyarwa a matsayin ƴan kwantiragi. Na yi aure, na haihu, na gyara wa Inna ɗakinta. Kullum muna cikin farar mota daga wannan ƙauye zuwa wancan, muna kafa kwamitoci, muna rubuta rahoto, muna ɗaukar hoton famfo ranar da aka buɗe shi. Na yi shekaru a haka ban taɓa jin ina buƙatar ƙarin karatu ba.

Sai furojen, wato aikin da ƙungiyar ta ɗauke ni a kai, ya ƙare. Masu ba da kuɗi suka karkata wani wuri, aka ba mu takardar yabo da ɗan abin sallama.

Bayan wasu watanni na je suna a ɗaya daga cikin ƙauyukan da muka yi aiki. Na tarar shaton da muka gina, wato tankin ruwan famfo, ba ya ba da ruwa, injin ya lalace, mata sun koma tsohuwar rijiya. Kwamitin da na horar da kaina ya watse, ma'ajin ya tafi cin rani. Matan suka kewaye ni kamar har yanzu ina da mota da kuɗi a bayana. Abin ya tsaya mini a rai, washegari na je wurin sakataren kwamin ɗin, dattijo ne da ya daɗe a aiki. Na ce, "Ranka ya daɗe, famfon nan fa naku ne yanzu, me ya hana a gyara?" Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Madam, ina takardar da aka miƙa mana shi? A wane layi na kasafi zan sa gyaransa? Idan magajin gari ya ba da umarni, mai karɓar kuɗi ba zai fitar da ko dala ba, kuma yana da gaskiya." Na yi shiru. Na yi shekaru ina aiki a ƙasar wannan kwamin ban taɓa buɗe kasafinsa ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa mu buɗe.

Daga wannan rana tunanin komawa karatu ya kama ni. Ba zan ɓoye ba, akwai neman abinci a ciki: duk sanarwar aikin da ta fito a lokacin, mai mastar ake nema, har a muƙaman da na san zan iya riƙewa ido rufe. Amma akwai kuma haushin an yi mini tambaya a kan aikina na kasa amsawa.

Na duba hanyoyin da ke akwai. ENA ta Yamai ita ce gidan horar da ma'aikatan mulki tun shekarun farko na ƴancin kai, amma manyan matakanta ta gasa ake shiga, kuma wanda ke cikin aikin gwamnati ya fi ni sauƙin hanya. Jami'armu ta Dan Dicko Dankoulodo ƙarfinta a kimiyya da noma da likitanci yake. Wasu suka ce in tsallaka Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da tsohuwar cibiyar koyar da mulki a Kongo, ga shi ta fi Yamai kusa da mu. Sai dai da Ingilishi ake karatun, tsarin mulkin da za a koya mini na Najeriya ne, kuma in na dawo sai na nemi a daidaita mini takardar. Akwai Jami'ar Senghor a Iskandariya ta Masar, amma mai goyo ba ta ko fara wannan mafarkin. Daga ƙarshe na zaɓi wata makaranta mai zaman kanta a Yamai da ke ba da mastar a fannin tafiyar da mulki da ƙananan hukumomi, da darussan yamma.

Maigidana bai hana ba. Abin da ya ce kawai, "In kin san za ki gama, ki tafi. In rabi za ki yi ki dawo, ki zauna mu ci kuɗin." Wurin mahaifiyarsa aka sha fama. Ta kira ni ta zaunar, ta ce, "Ke yanzu da ƴaƴa uku za ki koma lakwal? Takardar da ke hannunki me ta yi miki laifi?" Na ce, "Hajiya, ba ta isa ba ne." Ta ce, "To wa zai dafa wa ɗana?" Ba ta da mugun nufi, a zamaninta ba a yi haka ba. A unguwa kuwa an faɗi abin da ya fi wannan. Wasu sun ce na gaji da auren ne, wasu sun fara yi wa maigidan tallar ƴaƴansu. Inna ce ta kashe maganar. Ta ce a kawo mata yaran biyu, ni in tafi da ƙaramar. "Ubanki ya so ya yi karatu bai samu ba," in ji ta, "ki tafi."

Lissafinmu shi ne ni in biya shekarar farko da kuɗin sallamata, shi ya biya ta biyu. A Agustan 2019, ana saura kaɗan in tafi, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Duk wanda ke Maraɗi a lokacin ya san abin da ya biyo baya. Motoci suka yi layi a Ɗan Isa, hanyar Jibiya ta mutu, kuma sana'ar maigidana a kan wannan hanya take. Kayan da ya ɗauko bashi suka zauna. Na ce in fasa, ya ce a'a, an riga an biya. Haka na hau bas, tafiyar fiye da kilomita 600 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, da yarinya a cinya.

A Yamai na sauka gidan wata ƴar uwar Inna. Da rana ina taimaka wa wata ƙaramar ƙungiya rubuta rahoto ana ba ni abin kabu-kabu, da yamma aji har bayan isha'i. Na sayar da ƴan kunnena na aure a zango na biyu, na shiga adashe da matan gidan. Ajinmu kashi biyu ne: yara da suka fito lisans jiya, da mu tsofaffi da muka baro aiki ko aiki ya baro mu. Yaran sun fi mu saurin kwamfuta, mu kuma idan malami ya kawo misali sai mu ce ai mun gani da idonmu, wani lokaci mu ce ba haka ake yi ba.

Darussan da suka canza mini tunani ba su ne masu manyan sunaye ba. Na kuɗin gwamnati ne, wanda kowa ke gudu. A nan na gane maganar dattijon nan. Doka ta raba mai ba da umarnin kashe kuɗi da mai riƙe kuɗin: magajin gari ya sa hannu, amma mai karɓar kuɗi shi ke biya, kuma idan ya biya abin da ba ya cikin kasafi ko ba shi da takardun shaida, a wuyansa kuɗin yake. A lokacin, kasafin kansa sai majalisar kwamin ta zauna ta amince, sannan wakilin gwamnati ya duba ko ya dace da doka. Muka bi kundin dokokin ƙananan hukumomi na 2010 layi-layi. Muka ga cewa tun 2016 gwamnati ta miƙa wa kwaminoni iko a fannoni huɗu, ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, wato famfon da na je kuka a kansa a takarda aikinsu ne. Amma miƙa aiki daban, isowar kuɗin aikin daban. Kwamin na karkara abin da yake tarawa da kansa bai wuce lanho, wato harajin kai, da kuɗin kasuwa da na tashar mota ba, sauran sai abin da ya zo ta ANFICT, hukumar gwamnati mai ba ƙananan hukumomi kuɗi, ko daga abokan hulɗa. Furoje kuwa yakan zo da kuɗin da ya ninka kasafin kwamin, ya yi gini, ya tafi bai bar ko sisin gyara ba. Ya zama an ba mutum doki ba a tambaye shi ko yana da ciyawa ba.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba a karatun, kuma har yau ina faɗa. An cika mu da dokokin mulki da aka gado daga Faransa, da hukunce-hukuncen kotunan can, alhali ba a ba mu ko zango ɗaya a kan sarakunan gargajiya ba. A karkararmu lanho ta hannun mai gari da hakimi yake bi. Rikicin gona da burtali wurinsu yake fara zuwa. Wanda ya fito da mastar bai san yadda ake shiga fada a yi gaisuwa a gabatar da magana ba, zai sha wuya a Tibiri ko Tasawa komai yawan makinsa. Haka nan babu wanda ya koya mana yadda za mu bayyana kasafi da Hausa, alhali kansaloli da yawa ba su yi lakwal ba, kuma su ne masu ɗaga hannu a amince. Abin da ya cike mini wannan giɓi shi ne binciken da cibiyar LASDEL ta Yamai ke wallafawa a kan yadda ma'aikatu ke tafiya a zahiri, wanda wani malaminmu ya tura mu mu karanta.

A Maris 2020 korona ta shigo. Aka rufe makarantu, a ƙarshen watan kuma aka killace Yamai, ba shiga ba fita. Na tsaya ƙarasa wani aikin rukuni, rufewar ta same ni a can. Cikin waɗannan makonni ne ƙanena ya kira ni da asuba ya ce Inna ta faɗi a tsakar gida. Hawan jini ne, ɓarin jikinta ya shanye. Ina riƙe da waya ina jin muryar ƴaƴana a bayansa suna kuka, ba ni da hanyar zuwa. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa shiga irin wannan ba. Na dinga lissafa nauyin da na ɗora mata: tsohuwa mai hawan jini, da yara biyu, da wanki, da girki. Kowa na ce mini ciwo daga Allah ne, na kuma yarda, amma zuciya ba ta daina lissafinta ba.

Cikin azumi aka buɗe hanya na taho. Na same ta ba ta iya magana sosai, sai ido da hannu ɗaya. Na yi jinyarta har damina, Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in na ce wa maigida na bar karatun. Ba kuɗi, ba mai riƙe yara, ba ni da ƙarfin zuciyar buɗe littafi. Bai ce komai ba. Wadda ta yi magana ita ce Hajiya, wadda ta fi kowa ƙin tafiyar tawa. Ta zo har ɗakina ta ce, "Marigayiya ta riƙe yaran nan don ki gama. In kin zauna, wahalarta ta tafi a banza. Kawo su wurina." Har yau idan na tuna wannan rana sai na yi mata addu'a.

Na koma a makare, na biya kuɗin shekara ta biyu kaɗan-kaɗan, makarantar na riƙe sakamakona duk lokacin da na gaza. Kundin bincikena na rubuta shi a kan kuɗin kasuwa a wani kwamin na karkara. Na riƙa zuwa ranar kasuwa ina zama kusa da masu yanka tikiti, ina bin dillalai a kasuwar dabbobi, ina hira da mata masu sayar da hatsi da tiya. Abin da na gani ya fi abin da na zata rikitarwa. Ba sata kaɗai ba ce, ko da yake akwai ta. Mai yanka tikiti yakan yi watanni ba a ba shi kasonsa ba, sai ya biya kansa da kansa. Mai kaya ya ba da rabin kuɗi ba tare da tikiti ba, kowa ya ga ya ci riba. Wani mai karɓar an sa shi ne don ya yi wa jam'iyya aiki lokacin zaɓe, ba mai iya taɓa shi. Ƴan kasuwa kuma suna tambaya mai ma'ana: shekara nawa muna biya, ina rumfa, ina makewayi? Kasafin da ake rubutawa a farkon shekara kwafin na bara ne da ɗan ƙari, ba wanda ya zauna ya ƙirga rumfuna. Ranar da na kare kundin, ɗaya daga cikin malaman ya ce na rubuta shi kamar mai ba da labari. Na karɓi gyaran, amma ban cire maganganun matan ba.

Na fito da takarda a hannu ina jiran ƙofofi su buɗe. Ba su buɗe ba. Gasar shiga aikin gwamnati ba kullum ake yin ta ba, tana da iyakar shekaru, ni kuma ina dab da ita. Na zauna wadda ta samu, sunana bai fito ba. Wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin wucin gadi a yankin Gidan Runji, wurin ƴan gudun hijirar da suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019. A can ne karon farko na zauna da magajin gari da sakatarensa kafin a aza tubali, muka rubuta wa zai mallaki ginin, wa zai gyara, daga wane layi. Shugabana ya ga kamar ina ɓata lokaci. Ginin dai yana aiki har zuwan da na yi na ƙarshe.

Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, iyaka ta sake rufewa, masu ba da tallafi da yawa suka dakata, kwantiragina bai sabuntu ba. A Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Na zauna ina kallon kundina, rabinsa a kan majalisar da babu ita yanzu. A farkon 2025 kuma Amurka ta tsayar da tallafinta na waje, abokan aikina na da da dama suka dawo gida.

Matasa kan zo su tambaye ni ko su shiga wannan mastar. Nakan fara da tambayar ko sun taɓa aiki a wata ma'aikata, ko da bautar ƙasa ce. Wanda ya shiga kai tsaye daga lisans yakan haddace dokoki ya fito bai san inda suke ciwo ba. Nakan ce su tabbatar gwamnati ta amince da makarantar da kuma takardar kanta, su tambaya ko CAMES, hukumar Afirka mai tantance takardun jami'a, ta san da ita, tun kafin su biya ko jika ɗaya, don na ga waɗanda suka gama sannan aka ce takardarsu ba ta shiga gasa. Wanda ke cikin aikin gwamnati ya nemi izini a rubuce kafin ya fara, in yana son a ƙara masa matsayi da ita. Ga ƴan uwana mata kuma, maganar wa zai riƙe yara a gama ta da mutum fiye da ɗaya.

Yanzu ina koyar da darasin kuɗin ƙananan hukumomi da yamma a wata makaranta a nan Maraɗi, ana biyana da awa. Da wasu mata mun kafa ƴar ƙungiya da ke bin unguwanni da ƙauyukan kusa muna taimaka wa iyaye su yi wa jarirai takardar haihuwa kafin wa'adi ya wuce, waɗanda suka makara kuma mu haɗa sunayensu mu jira zaman alƙali. Ba mu da mota, ba mu da mai ba mu kuɗi daga waje. Kantomomi sun zo, amma sakatarori da masu karɓar kuɗi da rajistoci suna nan inda suke, kuma yanzu na san ƙofar da ake bugawa da takardar da ake riƙewa a hannu. Abin da nake samu bai kai rabin albashina na furoje ba, kuma har yanzu akwai sauran bashin karatun a kaina. Maigida ya koma sayar da taki da iri a kasuwa. Babbar ɗiyata tana shirin BAC, ta ce ita likitanci za ta karanta, a nan gida.